Ruwan da Duna Ya Sha

Ɗazu da na daka wa ɗayanku tsawa don ya tuntsurar da daron tsohon kulan, ruwan nan mai launi na lagireto, a bakin kwata, na ga kuna haɗa ido kuna ƙunshe dariya, wai tsoho ya fara rikicewa. To ku zauna, tunda rana ta take kuma babu aiki a ƙasa. Ni Umaru a nan Jega na yi furfura ina gyaran lagireto, kuma na san abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai mene ne abin wahala a canjin ruwan mota, a kwance a zubar a zuba sabo, ko mai tallar goro zai iya. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Aikin farko da maigidana Malam Arzika ya ɗora mini hannu a kai, lagireton wata gingimari ne mai kai albasa daga Aliero zuwa Kurmi, can kudancin ƙasa. Mu biyu muka cicciɓo shi muna nishi, don na wancan zamani jan ƙarfe ne da tagulla, ba wannan na roba da alminiyam da kuke ɗauka da hannu ɗaya ba. Malam ya hura gawayi, ya narkar da dalmar da ta riƙe murfin sama, ya ɗage shi. Sai ya miƙo mini wani siririn ƙarfe da ya zaro daga tsohuwar lema ya daddake shi ya yi faɗi, ya ce in bi 'yan bututun nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarfen ya fita ta ƙasa. Abin da na sakato a ranar, Allah ya sawwaƙe. Lakar gulbi, tsatsa, garin taba, sabulu, har da dafaffen ƙwai. Direbobin da, in lagireto ya fara yoyo a daji, duk abin da hannunsu ya kai kansa zubawa suke ya toshe ɓular su kai gari. Ɓula tana toshewa kuwa, amma hanyar ruwan ma toshewa take. Na wuni ina sakata, yatsuna duk sun yayyage. Da yamma Malam ya kwantar da lagireton ya fuskanci rana, ya leƙa, ya nuna mini bututu guda da na tsallake. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in sake bi daga farko.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Ƙaramar guduma, ƙarfen liƙi da ake cusawa a garwashi, sandar dalma, famfon keke, da rabin ganga cike da ruwa. In an gama liƙi sai a toshe bakunan lagireto da roba, a nutsa shi cikin gangar, ni ina buga famfo Malam yana duban ruwa. Inda kumfa ta taso, nan ɓula take. Wata ɓular ba ta kai tsinin allura ba, kumfarta ɗaiɗai take tasowa, in ka kifta ido ta wuce ka. Malam ba ya ƙyale ta. Yakan ce ita ce za ta jira sai mota ta kai inda babu gida gaba babu gida baya sannan ta buɗe baki.

Amma abin da ya fito da sunan Malam Arzika, ba liƙi ba ne, ruwa ne. A bayan rumfarmu akwai manyan randuna jere, an rufe su da faifai an ɗora dutse. Ruwan sama ne a ciki, na damina, wanda yake tara daga indararon kwano. Ba ya taɓa tarar ruwan farko, sai sama ta wanke rufin sosai. Ruwan rijiya kuwa, ko na gidan ubanka ne, ba zai sa maka a mota ba. Yakan ɗauko tsohuwar butar shayi ya nuna wa direba farin ɓawon da ya kama cikinta, ya ce abin da ruwan rijiya ya yi wa wannan buta shi zai yi wa cikin injinka. Direbobi daga Maiyama, daga Aliero, har da na nesa, kowa da galan ɗinsa yake zuwa a cika masa. Ba ma sayarwa, kyautar wanda muka yi wa aiki ce.

Sai kuma kwami. A gindin dogon yaron can, inda kuke ajiye babura yanzu, akwai kwamin siminti da Malam ya gina da hannunsa, irin wanda dabbobi suke shan ruwa a ciki. Dokarsa guda ce, kowane direba ya san ta: a rumfar nan ba a zubar da ruwa a ƙasa. A lokacin ruwa tsada gare shi, daga nesa 'yan garuwa suke kawowa. Kuma ruwan da ke cikin motocin da, ruwa ne zalla, wanda direba ya ɗiba a gulbi jiya ko shekaranjiya, tunda kullum cikin ƙari suke. In aka kwance lagireto sai a tari ruwan a daro, a bari ya huce, Malam ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. In akwai mai a ciki ya tafi rami. In babu, a tace da ƙyalle a juye a kwami, ya ƙara da ruwan rijiya. Jakuna da shanun amalanke masu kawo kaya kasuwa nan suke tsayawa su sha. Sadaka ce yake yi wa mahaifinsa, haka ya gaya mini, kuma tun ina ɗan koyo har na yi aure na haifi ɗiya ban taɓa ganin kwamin nan ya kwana a bushe ba.

Kai, an yi zamani. In lokacin albasa ya yi, manyan motoci layi suke yi a bakin rumfar nan, wari ya cika gari, mu kuma ko abinci a tsaye muke ci. Akwai Alhaji Bawa na Maiyama, tsohon direba, wanda ya zama kamar ɗan gida, shi yake ɗauko wa kansa sifana ba ya jiran kowa. Akwai wani direba mutumin Kurmi da muke kira Sande, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa mota sai Malam, Baba yake kiransa. Akwai kuma Nomau na Jandutsi, manomi, ba mota gare shi ba, amalanke ce da shanu biyu, ja da baƙi, Jatau da Duna. Da su yake huɗa da damina, da su yake dakon albasa da rani, su ne gonarsa su ne kasuwarsa. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya sun sha a kwami, ya ajiye wa Malam 'yar albasa a bakin rumfa. In lokacin salla ya yi kuma Malam ya wanke hannu ya tsaya a ƙofar ɗan masallacin garejin nan ya kira, don shi ne ladan, kuma muryarsa har tasha ana jin ta.

Shekarar da ta karya mu ita ce shekarar da ƙananan motocin Kwatano suka cika hanya. Lagiretonsu ba ya karɓar dalma. In ya fashe sai a jefar a sayi wani wurin masu kayan gyara. Gawayinmu ya riƙa kwana ba a hura ba, masu koyo suka watse suka koma acaɓa, aka bar ni da Malam muna korar ƙuda. Motocin nan kuma da wani ruwa suke zuwa a cikinsu mai launi, wani kore wani ja. Mun gan shi, mun ɗauka ado ne irin na Turawa. Babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana mene ne.

Ran wata kasuwa cikin bazara, ana shirin shiga damina, aka aiko cewa wata babbar mota ta tafasa a hanyar Maiyama. Da a da ne ni kaɗai zan tafi, amma a shekarar ba ma sakin aiki, sai muka kwashi kaya muka tafi tare. Bayan tafiyarmu Alhaji Bawa ya iso da wata 'yar Kwatano da ɗansa ya saya masa don ya huta da tuƙin babbar mota. Tun a gida ya buɗe lagireto ya ga ruwa ja wur, ya ce wannan tsatsa ce ta cinye mota, gara a zubar a sa ruwan randar Malam. Da bai same mu ba sai ya yi abin da ya saba. Ya bari inji ya huce, ya sa daro, ya kwance, ya tace da ƙyalle. Daga baya ya ce ya yi mamakin da jan bai tsaya a ƙyallen ba. Amma doka doka ce, ba a zubar da ruwa a ƙasa, sai ya yi bisimilla ya juye a kwami, ya cika lagireto da ruwan randa ya shiga kasuwa. Kwamin kuma zafi ya kusa ƙafar da shi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma Alhaji ba wawa ba ne, girmama Malam ya yi.

Da muka dawo bayan azahar muka tarar da taro a gindin dogon yaro. An kwance Duna daga amalanke, yana tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa, yawu yana dalala. Nomau ya riƙe igiya ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce da suka tsaya a kwami Jatau ya sansana ya kau da kai, amma Duna ya kafa baki bai ɗago ba sai da ya lashe siminti, sun shiga kasuwa sun sauke kaya, a hanyar fitowa abin ya fara. Malam ya leƙa kwami. Ɗan abin da ya rage a kusurwa ja ne, ƙudan zuma sun yanyame shi. Ya dangwala ya kai harshe, ya tofar, ya dube ni ya ce zaƙi gare shi kamar rake. Alhaji Bawa, da ya dawo daga kasuwa ya ji bayani, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Malam ya ce ya tashi, ba lokacin zama ba ne, ya ɗauki motar ya ɗauko malamin dabbobi.

Kafin su iso Duna ya kwanta. Kun san mutanenmu, da dabba ta kwanta sai maganar wuƙa. Kowa yana cewa a yanka kada ya zama mushe, a tsira da wani abu. Wani mahauci har ya tsuguna yana tattaɓa cinyar san. Nomau yana duban Duna yana duban Jatau. Abin da ke ransa kowa ya sani: sa ɗaya ba ya jan garma, ga damina a bakin ƙofa, kuma ko ya sayar da naman ba zai kai shi ga wani san ba. In Duna ya tafi, gonar bana ta tafi, dakon ma ya tafi.

Malamin dabbobin saurayi ne, bai kai ni shekaru ba, amma ya san aikinsa. Ya duba ruwan, ya buɗe idon sa, ya tambayi tun yaushe ya sha. Ya ce wannan ruwa shi ake kira kulan, ana sa shi don kada inji ya tafasa ko ya yi tsatsa, kuma guba ne, zaƙinsa ne yake jan dabba da ƙananan yara, ƙoda yake kashewa. Ya ce naman nan kuma bai yarda mutum ya ci ba, in an yanka sai dai a binne. Mahaucin ya ja Nomau gefe yana raɗa masa cewa zai kai wata kasuwar ƙauye, wa zai sani. Malam ya ji. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce wa mahaucin ya mayar da wuƙarsa kube, ba a gindin iccensa ba.

Sai malamin dabbobin ya yi ƙasa da murya ya ce akwai magani guda, in an samu kafin yamma, amma yana jin nauyin faɗa a gaban dattawa. Barasa ce, fara mai ƙarfi irin ta Kurmi. In ta shiga jiki hanta takan shagala da ita ta ƙyale gubar, har gubar ta fita a fitsari. Shi ba shi da ita, kuma wadda ake goge wurin allura da ita ba ta yi, tana da tata gubar. A Jega, ranar kasuwa, da rana tsaka, wa zai ce ya san inda take?

Dukanmu mun sani. Sande yana cikin gari ana loda masa albasa, kuma ba ya rabuwa da ita a ƙarƙashin kujera. Amma mun san in wani ya tunkare shi da maganar zai rantse da duk abin da yake bauta wa cewa bai taɓa ganin ta ba, don yana tsoron a kama shi. Na ce zan gwada. Alhaji Bawa ya ce shi ya jawo, shi zai je. Malam ya kakkaɓe rigarsa ya ce:

"Ba ya ba ku. Kwamin ga nawa na, dokar ma tawa ta. Ni ka zuwa."

Na bi shi a baya. Ya ratsa masu lodi ana ta gaishe shi, ya sami Sande a inuwar motarsa, ya gaya masa abin da yake so. Sande ya miƙe tsaye, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Baba, kai?" Malam ya ce sa ne zai mutu, ya yi sauri. Wallahi mutumin nan bai ƙara tambaya ba. Ya hau mota ya sauko da duk abin da yake da shi, ya naɗe a buhu, ya ƙi karɓar komai. Amma naɗewar ba ta yi amfani ba, tunda taro yana jiranmu a gindin icce. Da malamin dabbobi ya buɗe kwalba wari ya tashi, kowa ya san abin da ke ciki, kowa kuma ya ga wanda ya kawo.

Aka surka ta da ruwa yadda malamin ya auna. Duna ya ƙi buɗe baki, yana fizgewa, Nomau kuma ya kasa riƙe shi. Malam ya durƙusa ya rungume kan san a ƙirjinsa, ya cusa yatsu ta gefen baki, aka ɗura. Rabi yana shiga ciki rabi yana bin rigar Malam. Ana cikin haka la'asar ta yi. Mutane suka juya suna dubansa, don shi ake jira ya kira. Ya dubi gaban rigarsa da ya jiƙe sharkaf, ya ce wa Alhaji Bawa ya je ya kira salla, shi sai ya yi wanka ya sake tufa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokaci ba.

Duna ya yi kwanaki a gindin dogon yaro. Malamin dabbobi yana zuwa yana ƙara masa, yana sa masa ruwa ta jijiya, ya ce mu zuba ido ga abu guda, fitsari. In ya tsaya, ƙoda ta tafi. Nomau ya tare a rumfarmu, an mayar da Jatau Jandutsi. Wata safiya muna shan koko sai san nan ya yunƙura, ya dafa gwiwa, ya miƙe, ya saki fitsari kamar an buɗe famfo. Ban taɓa ganin dattawa suna murna da fitsarin sa ba sai ranar. Alhaji Bawa har da hawaye. Zuwa hantsi Duna ya fara tuƙa, Nomau ya kama hannun Malam da hannu biyu yana godiya. A daminar nan da shanunsa biyu ya yi huɗa.

Ranar da suka tafi Malam ya ɗauko babbar guduma ya farfashe kwamin da kansa. Na ce a bar shi mana, a riƙa zuba ruwan rijiya kawai. Ya ce a'a, direbobi sun saba, wata rana ba ma nan wani zai sake juyewa. Muka kwashe ɓaraguzan muka share wurin.

Bakin mutane kuma bai yi shiru ba. Liman ya faɗa a fili cewa lalura ce, ceton rai ne, babu laifi a kansa. Amma labari in ya bar inda aka yi shi ƙafa yake ƙarawa. Kafin ya kai Aliero an ce an ga ladan da kwalba, kafin ya dawo an ce dama can yana taɓawa. Wasu suka riƙa jan ƙafa in ya kira salla. Wasu dattawa suka zo suka ce ya ɗan huta har ƙura ta lafa. Ya ce to. Ƙura ta lafa, aka dawo aka roƙe shi, ya ce wanda ke kira yanzu muryarsa ta fi tasa, a bar masa. Har ya koma ga Allah bai sake kira ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai, kuma waɗanda suka yi ta yawo da maganar na san su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya yi bayan nan shi nake so ku riƙe. Da furfurarsa ya ɗauke ni muka tafi Birnin Kebbi wurin wani makanike sa'an ɗansa wanda ya san sababbin motoci, ya zauna a benci kamar ɗan koyo ya ce a koya masa ruwan nan. A can muka ji cewa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsofaffin motoci masu lagireton jan ƙarfe, yawanci kore, wanda ba ya daɗewa ake canza shi. Akwai na sababbi masu alminiyam, wanda ya fi jimawa. Kuma launi rini ne kawai, kowane kamfani da wanda ya ga dama, don haka ba da ido ake zaɓa ba. Abin da masu motar suka rubuta a littafinta ko a murfin tankin shi za ka nema a jikin galan, in ba ka iya karatun ba ka nemi wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. Ni da idona na ga motar wani malamin makaranta daga Alelu da aka haɗa mata iri biyu, wai ai duk kulan ne. Da muka kwance tiyo abin da ya fito kamar kunun tsamiya ya kwana, ya toshe komai, inji ya ƙone gasket, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Shi ya sa nake hana ku gaggawa. Ba a buɗe murfi inji da zafi, ga tabon nan a hannuna in kuna son shaida. A tari tsohon a daro, a wanke ciki da ruwa mai kyau, a tayar da inji, a sake zubarwa, har sai abin da ke fitowa ya yi fari tas. In kulan ɗin mai kauri ne da ake surkawa, da tataccen ruwa ake surka shi, irin wanda ake ƙara wa batir, ko na randa in babu, ban da na rijiya. In an zuba a bar inji yana aiki murfi a buɗe, ana matsa tiyo, iska ta fita, in ba haka ba allurar zafin inji za ta hau kafin mai mota ya kai Maiyama. Ga kuma na jabu da ya cika kasuwa, ruwan famfo da rini. Ku murza a yatsa, na ƙwarai santsi gare shi, na jabu kuwa ruwa ne garau, in ka ajiye galan a rana launin ma guduwa yake. Tsohon da aka tara kuma jarka zai shiga a ɗaure baki a sa a ɗaki a kulle. Ba kwata, ba gindin icce.

Ranar kasuwar farko da Nomau ya dawo da amalanke bayan damina, da suka iso daidai dogon yaro sai Duna ya ja ya tsaya. Babu kwami, babu komai, ƙasa ce a share. Nomau ya yi tsawa, ya ɗaga sanda, san nan ko gezau. Ya leƙo rumfa yana 'yar dariyar kunya ya ce, "Malam, ya ƙi wucewa." Malam ya tashi ya wanke bokiti, ya ɗebo ruwan randa, ya kai gabansu. Kafin ya ajiye sai ya kamfata da hannu ya sha a gaban Nomau. Nomau ya ce haba Malam, ai ba sai ka yi haka ba. Malam ya ce sai ya yi. Daga ranar kowace kasuwa haka ake yi, Duna ya tsaya, Malam ya fito da bokiti, ya sha, su sha. Nomau ya ƙi sayar da san nan ko da ya fara tsufa, dillalai sun yi ta bin sa har sun gaji.

Malam Arzika ya rasu da kaka, bayan 'yar gajeruwar jinya. Kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai ina zaune ni kaɗai a rumfa, sai na ji ƙarar amalanke ta tsaya. Na ɗauki bokitin na cika na kai na ajiye. Jatau ya sha. Duna ya sunkuyar da kai ya sansana, ya ɗago, ya tsaya yana duban ƙofar rumfa. Na tura masa bokitin da ƙafa, bai kula ba. Nomau ya share ido da hannun riga ya ce mini:

"Umaru, sai ka hwara sha. Haka ya saba."

Na durƙusa na kamfata na sha. Sannan Duna ya sa baki.

To kai da ka zubar, tashi ka ɗauki shebur ka kwashe ƙasar nan duk inda ta jiƙe, ka zuba a buhu. Awakin maƙwabta yanzu za a sako su.